Babi na Uku: Tarihin Maɓalli Mai Jin Nauyin Hannu a Akwatunan Wasan Bidiyo

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin tarihin wani nau'in maɓalli da aka taɓa sanyawa a allon sarrafa akwatunan wasan bidiyo, wato manyan na'urorin nan da ake girkewa a gidajen wasa a Japan da Amurka, waɗanda sai mutum ya jefa sulalla kafin ya yi wasa. Wannan maɓalli ya bambanta da saura domin yana tantance nauyin hannun mai danna shi. Za a duba yadda ya samo asali, da dalilan da suka hana shi karɓuwa a gidajen wasa, da kuma yadda ya sake ɓullowa a na'urorin wasa na cikin gida. Manufar ita ce a nuna cewa faɗuwar wannan fasaha ita ta haifar da tsarin maɓallai shida da wasannin faɗa suka gada.

3.1 Maɓallin Dijital da na Analog

Kafin a shiga tarihi, ya kyautu a fayyace waɗannan kalmomi biyu. Maɓallin dijital shi ne wanda ba ya sanin komai sai hali biyu: ko an danna shi, ko ba a danna ba. A ƙarƙashinsa akwai ƙaramin makunni mai sifirin, wanda da zarar an taɓa shi sai ya haɗa wayoyi biyu wuta ta wuce. Ko yaro ne ya shafa shi da ɗan yatsa, ko ƙato ne ya naushe shi, saƙo ɗaya injin zai samu. Shi kuwa na analog yana aika ƙarfin wuta ne mai hawa da sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora masa. Daga nan sai wani ɓangare na injin ya mayar da wannan ƙarfin wuta zuwa lamba, wadda wasan zai yi aiki da ita.

Tsarin analog ba baƙo ba ne a gidajen wasa. Wasan Pong na kamfanin Atari, wanda ya fito a 1972, da murɗa ƙulli ake yin sa, kamar yadda ake murɗa na ƙara muryar rediyo. Haka nan wasan tseren mota na Out Run, na kamfanin Sega a 1986, yana da sitiyari da totur waɗanda ke jin iyakar inda aka kai su. Abin da ba a saba gani ba shi ne a mayar da maɓallin duka da kansa ya zama mai auna ƙarfi.

3.2 Gwajin Kamfanin Capcom a 1987

A shekarar 1987 kamfanin Capcom na Japan ya fitar da wasan faɗa mai suna Street Fighter, ƙarƙashin jagorancin Takashi Nishiyama, wanda tun da farko ya yi aiki a kamfanin Irem inda ya tsara wasan Kung-Fu Master a 1984. Babban samfurin akwatin wannan wasa ya zo da sandar juya ɗan wasa, da kuma manyan maɓallai biyu na roba ga kowane mai wasa: ɗaya na naushi, ɗaya na shuri. Waɗannan maɓallai da iska suke aiki. Idan aka doki robar, sai iskar da ke cikinta ta bi ta wani siririn tiyo zuwa ga ma'aunin da ke cikin akwatin, shi kuma ya tantance ƙarfin dukan. An kasa ƙarfin zuwa mataki uku: mara nauyi, matsakaici, da mai nauyi. Wato idan mai wasa yana son Ryu ko Ken ya kai wa abokin karawa naushi mai zafi, dole shi ma ya zage ya doki robar da ƙarfi.

Hikimar da ke cikin wannan tsari a fili take. An so a kusanto da jikin mai wasa zuwa ga abin da yake gani a allo, ta yadda zai ji kamar shi ne a fagen damben. Amma da aka kai akwatunan gidajen wasa sai matsaloli suka kunno kai. Na farko, masu wasa sun riƙa jibgar maɓallan iyakar ƙarfinsu, har suna lalata su, wasu ma suna jin ciwo a hannu. Na biyu, gajiya tana kama mutum da wuri, kuma wanda ya gaji ba zai sake jefa sulalla ba, alhali kuwa ribar mai gidan wasa ta dogara ne a kan maimaita wasa. Na uku, da wuya mutum ya iya maimaita ƙarfi iri ɗaya a kowane duka, saboda haka wanda ya nufi matsakaicin naushi yakan tarar ya saki mai nauyi.

3.3 Haihuwar Maɓallai Shida

Maganin da Capcom ya samo shi ne ya raba kowane mataki ya ba shi maɓallinsa. Tun da naushi yana da mataki uku, shuri ma uku, sai aka sami maɓallai shida na dijital a jere biyu: na naushi a sama, na shuri a ƙasa. Wannan samfuri ya fi arha, ya fi ƙarko, kuma shi ya fi yaɗuwa. Da aka fitar da Street Fighter II a 1991, wanda ya yi tashen da ya farfaɗo da gidajen wasa a ƙasashe da dama, da wannan tsari ya zo. Ke nan ana iya cewa faɗuwa ta zo daidai da zama, domin matakai ukun da aka ƙirƙira saboda maɓallin iska sun wanzu, duk da cewa shi maɓallin ya kau.

Akwai kuma dalili na fasaha da ya ƙara danne maɓallin analog. A tsakiyar shekarun 1980 ƙungiyar masu ƙera injinan wasa ta Japan, wato JAMMA, ta fito da mahaɗar wayoyi ta bai-ɗaya mai baki 56, domin mai gidan wasa ya iya sauya wasa ba tare da ya sayi sabon akwati ba. Wannan mahaɗa an tanade ta ne don sanda da maɓallan dijital. Hatta maɓallan shuri na Street Fighter II sai da aka ja musu ƙarin wayoyi daban. Saboda haka duk wasan da ke buƙatar maɓalli mai jin nauyi sai an yi masa akwati na musamman, wanda kuma tsadarsa da wahalar gyaransa a kan mai gidan wasa za su faɗa.

Bugu da ƙari, batun rauni bai tsaya a kan Capcom ba. Wasan Sonic Blast Man na kamfanin Taito, na 1990, wanda ake naushin wata matashiya don a auna ƙarfi, ya jawo raunuka a hannayen masu wasa a Amurka, har hukumar kula da amincin kayayyaki ta ƙasar ta ci tarar reshen kamfanin dala 50,000.

3.4 Komawarsa Cikin Gida

Bayan da ya rasa gurbi a gidajen wasa, wannan tunani ya sake ɓulla a na'urorin cikin gida, inda ɗan yatsa ne ke dannawa a hankali. A 1995 kamfanin Namco ya fitar da abin sarrafawa mai suna neGcon don PlayStation, mai ɗauke da maɓallan analog na totur da birki. A 2000 kuma Sony ya fito da DualShock 2 tare da PlayStation 2, na'urar da ta shahara a gidajen gem na biranen ƙasar Hausa. Yawancin maɓallansa suna jin nauyi har mataki 256. A ƙarƙashin kowane akwai roba mai ɗaukar wuta, wadda gwargwadon yadda aka matsa ta, gwargwadon yadda take baje wa a kan allon, wuta kuma ta ƙara wucewa. Xbox na farko, na 2001, shi ma ya bi wannan sawu.

Wasanni kaɗan ne suka ci moriyar abin sosai. A Metal Gear Solid 2, na 2001, mai wasa yana iya ɗaga bindiga ya auna, sannan ya sassauta yatsa a hankali ya sauke ta ba tare da ya harba ba. Amma galibin masu wasa ba su ma san maɓallan suna da wannan baiwa ba, saboda tazarar da maɓallin ke nutsewa ba ta da yawa. Don haka Xbox 360 ya watsar da tsarin a 2005, DualShock 4 ma ya yi haka a 2013. Abin da aka bari shi ne maɓallan baya masu kama da kunamar bindiga, waɗanda ke da doguwar tazara.

3.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa maɓalli mai jin nauyi yana yin nasara ne kawai inda hannu ko ƙafa ke da isasshiyar tazarar da za su auna ƙarfinsu, kamar a totur da birki. Inda kuwa ake buƙatar sauri da tabbaci, kamar a wasan faɗa, na dijital ya fi dacewa. A 'yan shekarun nan an sake waiwayar fasahar ta hanyar maganaɗisu, bisa ka'idar da Edwin Hall ya gano a 1879, inda ake auna kusancin maganaɗisu da ma'auni ba tare da ƙarafa sun gogi juna ba. Sai dai a mafi yawan lokuta ana amfani da ita ne don a zaɓi daidai inda maɓalli zai amsa, ba don a auna ƙarfin duka ba. Wani abin lura shi ne, wasannin da aka gina a kan wancan tsohon tsari ba sa yiwuwa yadda aka tsara su sai da kayan aikinsu na asali, kuma roba da tiyo abubuwa ne masu ruɓewa. Wannan ya sa adana tsofaffin akwatunan ya zama wajibi ga masu nazarin tarihin wasannin bidiyo.