Matan Edo a Kan Takarda, Matan Maraɗi a Bakin Makaɗa

A shekarar 1617 hukumar Japan ta keɓe wa karuwai unguwar Yoshiwara a birnin Edo, wanda a yau ake kira Tokiyo. A nan wata sana'a ta bunƙasa: mai zane ya zana mace, masassaƙi ya sassaƙa zanen a kan allon katako, mai bugu ya shafa launi ya danna takarda, kowane launi da allonsa. Kitagawa Utamaro, wanda ya rasu a 1806, yana cikin waɗanda suka fi shahara, kuma Tsutaya Juzaburo ne ya buga ayyukansa da dama.

Sai dai hotunan talla ne. Sun nuna alharini da gyaran gashi, amma sun ɓoye cewa yawancin matan nan iyayensu ne suka sayar da su tun suna yara saboda talauci, bashi kuma ya ɗaure su. Da yawansu a haikalin Jokanji aka binne su, babu dangi a kusa.

A Maraɗi, wadda sarakunan Katsina suka zauna bayan jihadi ya fitar da su daga birninsu a 1807, al'amarin ya sha bamban. Mace mai zaman kanta galibi bazawara ce da ba ta koma ɗakin aure ba. Irin waɗannan mata suna ƙarƙashin Iya, wadda ke da sarauta a fada, take shugabantar ƴan bori, take kuma raba musu gardama. A Tibirin Gobir, Inna ce ke riƙe da makamancin wannan matsayi. Masu fito da su a idon jama'a kuwa makaɗan goge da garaya ne da maroƙa. Su ma, kamar Utamaro, yabo suke sayarwa, kuma mai yabo ba ya faɗin wahalar wadda ta biya shi.

Takardar Edo ta wanzu, kirarin Maraɗi kuwa yana tafiya tare da masu shi. A watan Nuwamba na 2000, masu zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA sun far wa mashaya da gidajen matan nan a Maraɗi, har da gidan Iya. Tun daga lokacin, bakuna da yawa sun yi shiru.

Ba sai mun amince da karuwanci kafin mu rubuta tarihinsa ba. Akwai tsofaffi a Maraɗi da Tibiri da Jiratawa da suka ga wannan zamani. Wajibi ne malamai da ƙungiyoyin al'adu su zauna da su, su naɗi maganarsu, su fara da matan kafin makaɗan.