Sauti mai kewaye: yadda ake tantance sabbin ƙirƙire-ƙirƙire

Sauti mai kewaye shi ne wanda mutum ke ji kamar yana fitowa daga gabansa, bayansa ko samansa, irin na Dolby Atmos da ya shiga gidajen silima a 2012. Na'ura ɗaya ke matse sautin tare da bayanin wurin kowace ƙara, wata kuma ta warware shi a lasifika.

Wanda ya ƙirƙiro sabuwar dabara a wannan fanni yakan nemi takardar mallaka, wato brevet da Faransanci, mai kare shi shekara 20 daga ranar da ya shigar da buƙata. A ofishin Turai da ke Munik, a Jamus, mai tantancewa yana duba abu uku: dabarar sabuwa ce? Ta wuce abin da gwanin fanni zai gano cikin sauƙi? Masana'antu za su iya aiki da ita?

Inda gizo ke saƙa shi ne yawancin dabarun lissafi ne, dokar Turai kuwa ba ta ba da takarda kan lissafi zalla. Dole mai nema ya nuna amfaninsa a aikace, kamar rage nauyin bayanai ba tare da sautin ya lalace ba.

A Nijar, ƙungiyar OAPI mai mazauni a Yawunde ke ba da irin wannan takarda.