Dalilan da ke sa masu lalurar ƙwaƙwalwa daɗewa kafin ganin likita a Najeriya

Ƙarancin ƙwararru shi ne babban abin da ke sa mai fama da lalurar ƙwaƙwalwa a Najeriya ya daɗe bai samu kulawa ba. Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha bayyana cewa likitocin fannin da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, alhali al'ummar ƙasar ta haura miliyan 200. Ficewar likitoci zuwa ƙasashen waje kuma na ƙara rage adadin.

'Yan kaɗan ɗin da ake da su sun taru ne a manyan asibitoci. Daga cikin asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya akwai na Aro a Abeokuta, Yaba a Legas, Kaduna, Maiduguri, Kware a Jihar Sakkwato, Enugu, Kalaba da Benin. Mazaunin karkara sai ya tanadi kuɗin mota da na magani, ya nemi ɗan rakiya, sannan ya bi dogon layi.

Jinya ta hanyar tattaunawa, wadda ake yi wa masu ciwon damuwa da fargaba, ta fi wuyar samu. Zama ɗaya kan ɗauki kusan awa guda, kuma ana maimaita shi mako-mako, don haka mutanen da ƙwararre ɗaya zai iya gani a rana ba su da yawa. Shi ya sa galibi rubuta magani kan riga tattaunawa.

Jinkirin na da illa. Ciwo kan yi tsanani, ɗalibi ya bar karatu, magidanci ya rasa sana'a. Wasu iyalai kan kai ɗan'uwansu gidajen mari, inda ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoto a 2019 cewa ana ɗaure marasa lafiya da sarƙa.

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Dokar ta haramta nuna wa marasa lafiya wariya, ta kuma tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya.

Horar da likita ƙwararre na ɗaukar shekaru, don haka hanya mafi kusa ita ce asibitin matakin farko. Shirin mhGAP, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008, na koyar da ma'aikatan jinya da jami'an lafiya na unguwa gane ciwon damuwa da farfaɗiya, su fara magani, su tura mai tsanani gaba.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a Najeriya. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara jinyar marasa lafiya a ƙauyukan Aro, suna zaune tare da danginsu. Wanda ke maganar kashe kansa kuwa, ba ya jiran layi: sashen gaggawa na asibiti mafi kusa za a kai shi nan take.