Asalin Zaman Amana Tsakanin Musulmi da Kirista a Birnin Shehu

Duk wanda ya bi ta Gawon Nama da hantsi, ya leƙa harabar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, zai tarar da masu jinya sun shimfiɗa tabarmi a inuwa guda, wannan da tasbaha a hannu, waccan da gicciye a wuya, kowa na tambayar maƙwabcinsa, "Yaya mai jiki?" To, wannan mu'amala tana da asali mai nisa, wanda hukumomi dabam-dabam suka yi ta sake wa siffa gwargwadon maslahar zamaninsu.

Bayan jihadin Shehu Usmanu na 1804, da Muhammadu Bello ya gina Sakkwato a 1809, malaman Daula ba su rasa hukunci game da wanda ba Musulmi ba, domin littattafan fiƙihun Malikiyya sun riga sun bayyana babin zimma. Saboda haka Maguzawan ƙasar Kano da Katsina, muddin sun miƙa wuya sun biya jiziya, sai jininsu da dukiyarsu su zama amana a wuyan sarki.

Da Nasara suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Gwamna Lugga ya yi alkawari a gaban manyan gari cewa hukumarsa ba za ta taɓa addinin Musulunci ba, kuma bisa wannan alkawari aka daɗe ana taƙaita wa'azin mishan a ƙasashen sarakuna, aka keɓe wa baƙin Kudu unguwanninsu. An samu lafiya, amma lafiya ce ta nisantar juna, har zuwa shekarun 1930 da aka yarje wa mishan su yi jinyar kutare a Amanawa.

Gabanin mulkin kai, tsoron da ƙananan ƙabilu suka bayyana ya sa Hukumar Wilink, wadda ta binciki wannan tsoro, ta ba da shawara a 1958 a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam, har da 'yancin addini, cikin tsarin mulkin 1960. A zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku aka kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962, cocin Katolika ta Sakkwato ta zama dayosis a 1964, Kiristoci kuma suka haɗa ƙungiyarsu ta CAN a 1976. Tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma, kuma a shekarar aka kafa majalisar addinai ta NIREC, wadda Sarkin Musulmi da shugaban CAN ke jagoranta tare.

Sai dai fitinar watan Mayun 2022, lokacin da aka kashe wata ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari bisa zargin ɓatanci, har Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan, gwamnati kuma ta sa dokar hana fita, ta nuna cewa rubutacciyar doka ba ta wadatarwa idan jama'a suka ƙwace hukunci daga hannun alƙali. Lalle ne malamai da limaman coci su koyar da alfarmar rai da ta addini baki ɗaya, hukuma kuwa ta tsai da adalci a kan kowa, domin da shi kaɗai amana ke ɗorewa.