Bindigar Toka a Tarihin Ƙasar Yobe

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa halartar hawan salla a Nguru ko Gashuwa, ko ya ga ayarin maharba a ƙauyukan Jajimaji, ya san ƙarar bindigar toka da farin hayaƙinta. A wannan ɗan taƙaitaccen bayani za mu waiwayi tarihinta, domin mu nuna cewa ƙarfinta bai taɓa tsayawa ga ƙarfen da aka ƙera ta da shi ba. Ya dogara ne ga kayan ɗuri da kuma sanin mai ɗurawa.

Shigowarta

A Birnin Gazargamu, kusa da Gaidam ta yau, Mai Idris Aloma ya kafa rundunar 'yan bindiga a ƙarni na 16, tare da taimakon Turkawa masana harbi, kamar yadda limaminsa Ahmad bin Furtuwa ya rubuta. A Kano kuwa, sai a zamanin Babba Zaki (1768-1776) sarki ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Ta hanyoyi biyu bindigar take iso mana: ta Sahara daga Tarabulus, da kuma ta bakin teku, inda Turawa 'yan kasuwa suke sauke ta.

Kayan Ɗuri da Harbi

Ta baki ake ɗura wannan bindiga. Maharbi kan auna albarushi ya zuba, ya tura tsumma, ya sa dalma ko gutsattsarin ƙarfe, sannan ya danna da siririn ƙarfe har su zauna daram. Idan ya ja kunama sai ƙanƙara ta ƙyasta wuta, albarushin ya kama. A nan gwaninta take. In awon ya gaza, harbin ba ya kai wa nesa. In ya zarce, bututun na iya fashewa ya tafi da yatsun mai shi. Da yake cikin bututun sumul yake, dalma ba ta tafiya saiti sosai, don haka dole maharbi ya san halin bindigarsa, ko hagu take karkata ko dama, ya kuma lallaɓa ya matso kusa da abin harinsa. Bayan 'yan harbe-harbe toka kan taru a ciki, sai an goge.

Shi kuwa albarushi, haɗi ne na gawayi da farar wuta da wani gishiri da ake tacewa daga ƙasa. Babban abokin gabarsa shi ne laima. Shi ya sa ake adana shi a ƙaho ko tandu, ake kuma shanya shi da damina, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan rauni, haɗe da jinkirin ɗuri, ya sa har ƙarni na 19 baka da kibiya ba su rasa matsayinsu ba, don kuwa kafin ɗan bindiga ya sake ɗuri ɗan baka ya saki kibau da dama. Sunan da aka laƙaba mata na harba-ka-ruga bai zo a banza ba.

Albarushi da Mulki

Sarakunan da suka gane wannan sirri su ne suka ci moriyarta. Sarkin Damagaram Tanimu, maƙwabcin Nguru ta arewa, wanda ya rasu a 1884, bai tsaya ga sayen bindigogi ba. Ya sa ana haɗa albarushi, ana kuma ƙera igwa a cikin Zinder. Rabeh ma da horarrun 'yan bindiga ya ci Barno a 1893. Su ma Turawa sun fahimci haka. A yarjejeniyar Burasels ta 1890 sun taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin yawancin ƙasashen Afirka, amma suka bar cinikin bindigar ƙanƙara da albarushinta. Sakamakon ya bayyana: Faransawa sun kashe Rabeh a Kusuri a 1900, da ɗansa Fadlallah a Gujba a 1901, Ingilishi kuma suka ci Kano a 1903.

Kammalawa

Bayan zuwan Turawa bindigar ta koma hannun maharba da 'yan bindigar fada, maƙeranmu kuma suka ci gaba da ƙera ta. Dokar makamai ta 1959 ta ba hukuma ikon wajabta wa mai ita neman lasin. A 2014 kuwa mun ga maharba ɗauke da ita sun taimaki sojoji wajen ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram. Sai dai dattawan da suka san awon ɗuri da sunayen kayan aikin suna ta ƙarewa. Ya kamata mu ɗaliban Hausa mu je gare su a Jajimaji da Nguru da Gashuwa mu rubuta abin da ke bakinsu, tun suna raye.