Kunama

Kunama halitta ce mai dafi, dangin gizo-gizo, mai ƙafafu takwas da hannaye biyu masu kama abinci, ga ƙari a ƙarshen wutsiya wanda take harbi da shi. Da rana tana laɓewa ƙarƙashin duwatsu ko cikin tsagar bango, sai dare take fita farautar ƙwari. Haihuwa take yi, ba ƙwai ba, kuma tana goya 'ya'yanta a baya. Babbar baƙar nan, wadda ake kira duwu, ta fi ban tsoro a ido, amma ƙananan jajaye sun fi zafin harbi.

Kunamar bindiga kuwa ita ce ɗan ƙarfen da ake dannawa harsashi ya fita. Akwai kuma ƙabilar Kunama a yammacin Eritiriya, wajen Barentu, amma sunan nan dacewa ce kawai.