"An gyara": to, wa ya gyara?

Ƴan uwa ɗalibai, cikin nazarin harshe da nake yi akwai wata ƴar kalma da ke ba ni tsoro, wato "an". Mukan ce an duba, an gyara, an gama. Aiki ya tabbata a baki, amma babu wanda za a kama. A harkar jirgin sama ba a yarda da wannan "an" ɗin ba: duk wanda ya taɓa inji sai ya rubuta abin da ya yi, ya sa hannu. Ga tarihin da ke nuna dalili.

Ran 25 ga watan Mayu na 1979, jirgin American Airlines mai lamba 191, ƙirar DC-10 mai inji 3, ya tashi daga Shikago a Amurka zai tafi Los Anjalas. Yana ɗaga hanci ke nan sai injin hagu ya ɓalle tare da maratayinsa, wato ƙarfen da ke riƙe shi ƙarƙashin fiffike. Jirgin ya hau kimanin mita 100, ya karkata hagu, ya faɗi. Mutum 271 da ke ciki duka suka rasu, da wasu 2 a ƙasa.

Rasa inji ɗaya ba ya kayar da irin wannan jirgi, don an ƙera shi ya iya tashi da biyu. Ɓarnar tana ga abin da injin ya yage. A gaban fiffike akwai wasu leɓɓa da ake turowa waje lokacin tashi, su ke sa fiffike ya riƙe iska ko da gudu bai yi yawa ba. Da bututun mai ya tsinke, sai leɓɓan gefen hagu suka koma ciki. Daga nan fiffiken hagu na bukatar gudun kusan kilomita 295 a awa kafin ya ɗauki jirgi. Matuƙan ba su ganin fiffike daga mazauninsu, na'urar gargaɗi kuma ta mutu tare da wutar injin. Sai suka bi abin da aka koya musu, suka rage gudu zuwa wajen kilomita 283. Fiffiken dama na ɗagawa, na hagu ya saki. Shi ke nan.

To me ya ɓalle injin? Masu bincike sun bi sawu har garejin kamfanin a Tulsa, inda aka yi wa jirgin aiki ƙarshen watan Maris, mako 8 kafin hatsarin. McDonnell Douglas da ya ƙera jirgin ya ce a fara sauke inji, sannan a kwance maratayi. Su kuwa sai suka riƙa sauke su tare, da motar ɗaga kaya, don hakan na rage musu aikin awa 200 a kowane jirgi. Kaya mai nauyin kusan tan 6 a bakin irin wannan mota, in ya gota kaɗan kawai, ya isa ya tsaga ƙarfe. Haka kuwa ta faru. Tsagar ta yi ta buɗewa a kowane tashi da sauka, har ranar da ta cika.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan: kamfanin Continental Airlines ya riga ya lalata maratayi sau biyu da irin wannan dabara, a Disamba 1978 da Fabrairu 1979. Ya gyara abinsa, amma labari bai kai ga hukuma ba. Da ya kai, watakila da wani ya tsaya ya sake tunani. Sai bayan mutuwa hukumar jiragen saman Amurka ta hana DC-10 tashi, daga 6 ga Yuni zuwa 13 ga Yuli.

Kada mu ce abin Turawa ne, mu ma ya taɓa mu kusa da gida. Ran 11 ga Yuli 1991, jirgin alhazai ƙirar DC-8 da Nigeria Airways ya yi haya daga kamfanin Nationair na Kanada ya tashi daga Jidda zai sauka Sakkwato. Tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, suka fashe a titin tashi, wuta ta kama, mutum 261 suka rasu. Bincike ya gano an san iskar ta yi ƙasa, kuma an sauya lambobin da ke takardar duba jirgin. A Shikago gaggawa ce da shiru. A Jidda alƙalami ne ya yi ƙarya.

Fasinja ba ya iya leƙa cikin inji. Matuƙi ma takarda yake karantawa. Ashe rayukan mutum ɗaruruwa na rataye ga wasu ƴan jimloli da makaniki ya rubuta, shi ya sa a wannan aiki jimla dole ta zamo da mai ita. Gobe wasunmu za su riƙe rajistar asibiti, wasu takardar jarrabawa, wasu lissafin gini. Ranar da aka miƙo maka takarda aka ce "an duba, sa hannu", ka tambaya wa ya duba, kuma yaushe. In ba a ba ka suna ba, aje biro.